Kada Ka Yi Shi a Kan Buzun Salla

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya jera wa ɗan Adam ƙasusuwa, ya ɗaure su da jijiyoyi, sannan ya ba shi aron numfashi zuwa wani ajali da Shi kaɗai ya sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa.

Daga mahaifinka a Fagge, zuwa ga ɗana Bukar. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗa, ina kuma gaida duk wani musulmi ko maƙwabci da wannan takarda za ta faɗa hannunsa. Allah ya tsare tafiyarka, ya tsare saukarka.

Bayan haka, gobe in Allah ya yarda jirgin ƙasa zai ɗauke ka zuwa Kafancan, ka kama aikin akawu da Reluwe ta ba ka. Nasiha a kan giya da caca da abokan banza ka sha ta daga baffanninka har ta ishe ka, ba zan maimaita ba. Abu ɗaya ya sa na fere alƙalami, shi ne gadon bayanka. Tun daminar bara nake lura da kai a masallaci. In ka taso daga sujada sai ka dafe kwankwaso, ruku'unka kuwa ya fara komawa rabin ruku'u. Shekarunka ba su kai na haka ba. Ga shi za ka je inda za a zaunar da kai a kan kujera tun safe har la'asar. Na san inda wannan hanya take ɓullewa, domin na bi ta har ƙarshenta. Na kuma san ka tsani maganar da zan yi. Duk da haka karanta har ƙarshe, sannan ka yi hukunci.

Kakanka ya zo daga Barno ba shi da dukiya sai iya rubutun Alƙur'ani, shi ya koya mini. Ka san zaman marubuci: gwiwa ɗaya a tsaye, takarda a kanta, wuya a sunkuye. Haka na ƙare ƙuruciyata. In ƙafa ta mutu sai in ce lada ne, in wuya ya ƙage sai in ce gudun duniya ne. A tunanina na lokacin, jiki jaki ne, ba a tambayarsa ko ya gaji. Wannan kuskure ne, kuma ba shi da madogara a ilimi. Jiki amana ne, da shi ake tsayuwa, da shi ake sa goshi a ƙasa. Wanda ya lalata shi da gangan ya lalata kayan ibadarsa. Saboda haka, ya ɗana, in ka zauna a teburinka har ka ji bayanka ya fara magana, tashi ka miƙe ka taka, ko da zuwa bakin randa ne. Babban akawu ba zai kore ka don ka sha ruwa ba.

Da ciwon ya kama ni sosai sai na ɓoye, domin a lokacin an riga an ba ni limancin masallacin unguwa, ina jin nauyin a ce liman ya gaza. Na yi ta cije baki har ranar da na sunkuya ruku'u a sallar magariba, na nemi ɗagowa, baya ya ce bai san zancen ba. Malam Habu, ladaninmu, shi ya matso ya ƙarasa wa jama'a salla. Kai ɗalibi ne, ka san hukuncin a mazhabarmu: wanda ya gaza cika rukuni ba ya jan wanda yake da iko. Babu wanda ya tuɓe ni, ni na ja da baya da kaina. Na koma salla a zaune a gefen sahu, ina nuni da kai maimakon ruku'u.

Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya zama kamar an yi masa zane. An yi mini sakiya, an shafa mini man da ban san sunansa ba. Sauƙin kwana biyu, sai ciwo ya dawo. Abin da ya fi ciwon muni shi ne abin da ya mayar da zuciyata. Barci ya gudu, waswasi ya shiga sallata har ina manta raka'ar da nake. Ƙaramin motsi a tsakar gida sai in tashi da faɗa. Wata rana innarka ta ajiye mini tuwo, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, in bayan ne ke ciwo, to mu ba mu ne bayan ba." Gaskiya ta faɗa. Ka riƙe wannan: ciwon da aka ɓoye ba ya zama wuri ɗaya, sai ya fita ta baki ya faɗa kan iyali. In wani abu ya dame ka, faɗa wa wanda zai iya taimako tun yana ƙarami.

To, ana haka sai na yi shawarar a yi mini abin jingina na katako, wanda zan riƙa dogara da shi in ina karantarwa. Aka ce mini akwai kafinta a Sabon Gari, in an wuce kantin takalma na Bata, wai shi Sajan Ejike, Inyamuri ne Kirista, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin ƙasar Bama, can kusa da Indiya. Na tafi ina dogara sanda. Na same shi yana goge katako, na faɗa masa buƙatata. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, juya in ga bayan."

Na ce, "Kafinta aka ce mini, ba a ce likita ba."

Ya ce, "Ai shi ya sa. Na saba da katakon da ya tanƙware. Naka ma ya fi na shagon nan tauri."

Na ce, "Kai dai auna ka yi aikinka."

Ya ce, "Zan yi, aikina ne. Amma ranar da ka fara jingina da shi, ranar ka sallami bayanka. Ba zai ƙara aiki ba, ya sami mai yi masa."

Sannan ya ba ni labarinsa. A yaƙi kaya suke ɗauka a ka cikin duwatsu, har bayansa ya lalace, aka kwantar da shi a wani asibitin soja a ƙasar Indiya. A can wani dattijo mai jinyar marasa lafiya ya koya masa wasu miƙe-miƙen jiki da tsarin numfashi, waɗanda mutanen ƙasar suke kira yoga. Yana gama faɗa sai ya ture ɓarɓashin katako da ƙafa, ya kwanta rubda ciki, ya dafa ƙasa ya ɗaga ƙirji kamar gamsheƙa. Na tattare rigata na ce, "A'uzu billahi. Wannan ai ibadar masu gunki ce." Na juya na fita.

Wannan ma kuskure ne, domin na yi hukunci kafin in yi tambaya, abin da nake hana ɗalibaina. Da na koma gida na natsu, sai na auna al'amarin da ma'aunin fiƙihu. Muna shan ƙwayar Bature, ba mu tambayi addinin wanda ya haɗa ta ba. Muna hawa jirgin da ba musulmi ya ƙera ba. Abin dubawa shi ne ko a cikin aikin kansa akwai abin da shari'a ta hana. Sai na koma shagon na ce, "Sajan, in ana wannan abu, wa ake kira?"

Ya ce, "Tsohon nan yakan yi wani gunji a maƙogwaro, yakan kuma haɗa hannu ya gaida rana. Na ce masa, Baba, ni ina da cocina. Ya ce to in bar gunjin in riƙe miƙewar, baya ba ya jin yare."

Na ce, "Ashe kai ma ka tace."

Ya ce, "Na tace da rariyata. Kai ma kawo taka."

Na kawo tawa kuwa. Duk abin da yake da kamar girmama wani abin halitta na ajiye shi, haka duk wata kalma da ban san ma'anarta ba. Abin da ya rage motsa gaɓoɓi ne da sarrafa numfashi, hukuncinsa hukuncin magani. Ka koyi wannan a garin da za ka, inda za ka zauna da ƙabilu iri-iri: kada ka haɗiye duk abin da aka miƙo maka, kada kuma ka ture shi don hannun da ya miƙo. Tambaya tukuna.

Ga abin da na riƙe, in siffanta maka. Ka durƙusa a kan gwiwoyi da tafuka, ka gantsare baya sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, sannan ka sake shi ƙasa a hankali. Ka kwanta rubda ciki ka ɗaga ƙirji, ƙugu yana ƙasa. Ka zauna ka miƙe ƙafafu ka nufi yatsunka da hannu, in ba ka kai ba ka tsaya inda ka kai. Ka kwanta rigingine ka rungume gwiwoyi, ka karkatar da su dama, ka karkatar hagu. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin kududdufi. Daga ƙarshe ka kwanta shiru ka saki kowace gaɓa. A duk wannan numfashi ta hanci ne, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Ciki ya zama babu nauyin abinci, wando kuma ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa.

Kada ka yi garaje. Ni na yi. Ina ganin Sajan yana kama yatsun ƙafarsa, na ce yaya kafinta zai kai inda ban kai ba, na fizgi kaina da ƙarfi, na kwanta jinya sabuwa. Da ya zo duba ni ya tsaya daga zaure yana cewa, "Malam, sauka ɗaya ka yi wa Alƙur'ani a rana ɗaya? To baya ma baƙi-baƙi yake koyo." Jan jijiya mai daɗi shi ake nema. In ka ji suka kamar ta allura, tsaya, in ta ƙi tafiya ka je asibitin Reluwe a duba ka.

Da na bi a sannu, sai amfani ya fara zuwa ta inda ban zata ba. Na zaci baya ne zai fara saki, ashe barci ne ya fara dawowa. Bayansa sai fushi ya ragu. Na gane cewa fushi yana da numfashinsa, gajere mai sauri a saman ƙirji, kuma in mutum ya tsawaita numfashin sai fushin ya rasa abin hawa. Waswasi ya yi sauƙi, domin wanda ya saba tsare hankalinsa a kan numfashi ɗaya, ba ya shan wuyar tsare shi a kan aya ɗaya. Haddata da ta fara zubewa ta dawo. Sai daga baya ƙafa ta daina mutuwa, wuya ya juya, kwankwaso ya yarda. Kada ka fahimce ni a karkace: natsuwar zuciya ta gaskiya daga ambaton Allah take. Wannan abu share fili yake yi, shuka kuwa zikiri ne.

Yanzu na zo kan abin da ya sa ka tsani zancen. Sajan ya ce mini iskar safe ta fi kyau, ciki kuma babu komai a lokacin. Ni kuwa al'adata in na dawo daga asuba nakan hau saman soro da buzuna in yi wuridi. Sai na riƙa gama wuridi in shiga miƙe-miƙe a nan inda nake, a kan buzun. Wanda ya tsufa yana salla, in ya shimfiɗa buzu ba ya tunanin ina zai duba, jikinsa da kansa yake juyawa gabas. Ban taɓa tsayawa na ga abin da maƙwabta suke gani ba: liman a kan buzun salla, yana duban gabas, yana durƙusawa yana ɗagowa, daidai lokacin da rana take ɓullowa, lokacin da ko nafila an hana.

Wata safiya na sauko na tarar da dattawan unguwa a zaure. Alhaji Sule, wanda ya yi wa masallacinmu rufin kwano, shi ya fara magana. Ya ce, "Allah gafarta Malam, mun zo neman ilimi. Wannan sabuwar sallar raka'a nawa ce? Mu ma mu samu lada."

Malam Habu ya ce, "Alhaji, a bi a hankali."

Ya ce, "A hankali nake. Ina tambaya ne, mai ƙafa ɗayar nan kafin sallama take ko bayan sallama? Kuma wa ake wa, tunda rana muke gani a gabansa?"

Da a shekarun baya ne, da na tashi da hujjoji na bi ta kansa. Ran nan na ja numfashi na sauke, na duba maganarsa, na ga a cikin ba'arsa akwai gaskiya. Na ce, "Alhaji, zatonku kuskure ne, amma idonku bai yi ƙarya ba. Magani nake yi wa bayana, ba salla ba. Sai dai na yi shi a wurin salla, ta fuskar salla, a lokacin da aka hana salla. Wanda ya tsaya a wurin zargi shi ya jawo zargi. Daga yau ba za ku ƙara gani ba."

Ya ce, "Magani? Daga wurin kafintan Sabon Gari?"

Na ce, "Daga wurinsa."

Ya ce, "To, in magani ne, mu ga aikinsa."

Na miƙe ba tare da sanda ba, na juya arewa don kada a sake ruɗewa, na sunkuya na kama gwiwoyina, bayana ya shimfiɗu sosai, na daɗe a haka, sannan na ɗago ban dafa komai ba. Malam Habu ya ce, "Alhamdu lillahi, dama maƙogwarona ya gaji da aiki biyu." Da azahar ta ranar na koma gaban sahu. Alhaji Sule ya yi wata da watanni yana salla a wani masallaci kafin ya dawo, kuma har yau ba ya sakin fuska da ni sosai. Ban ga laifinsa ba, kishin addini ne ya motsa shi.

Saboda haka ga sharuɗɗan da ba na sassautawa a kansu. Kada ka yi shi a kan buzun salla, nemi tabarma daban. Kada ka dubi gabas, dubi arewa ko kudu. Kada ka yi shi rana tana fitowa ko tana faɗuwa. Ka yi shi a cikin ɗaki, in kuwa abokin zama ya gani ya tambaya, gaya masa gaskiya da sunan abin, kada ka bar shi da zato.

Saura abin da ya shafe ka. Zancen soro ya bazu, yaran unguwa suka sa maka suna ɗan Malam Gamsheƙa, har suna kwanciya a hanya suna ɗaga ƙirji in ka zo wucewa. Ka yi dambe, ka shigo gida da fasasshen leɓe. Ni kuma na yi maka faɗan dambe, ban zaunar da kai na gaya maka abin da na gaya wa dattawa ba. Na yi wa unguwa bayani, na manta da cikin gidana. Tun daga ranar, in ka ga na shiga ɗaki da tabarma sai ka bar gidan. Bayanin da ya kamata ka ji a lokacin, shi ne wannan da ke hannunka. In Allah ya ba ka 'ya'ya, duk abin da ka yi wanda zai sa a nuna su da baki, su fara jin dalilinsa daga gare ka.

Ba ina cewa ka so abin ba. Ni ma ban fara shi don so ba, na fara ne don ina kewar ƙasa a goshina. Wanda bai taɓa rasa sujada ba bai san girmanta ba, kuma ba na so ka sani ta hanyar da na sani. Ina da yaƙini, ba zato ba, cewa in ka lizimci wannan kaɗan-kaɗan, kujerar Reluwe ba za ta ci bayanka ba, kuma hayaniyar tasha da tsawar manya ba za su ci zuciyarka ba. Na gani a jikina, ina da shekaru ninkin naka, da baya wanda ya fi naka lalacewa.

Na riga na gaya wa Malam Habu, ya kuma yarda: in ka zo hutun babbar Salla, ranar da ka sauka, kai za ka ja mu magariba. Ni zan tsaya a sahun farko, daidai bayanka. Karatunka ba na shakkarsa, ni na koya maka. Ruku'unka zan duba.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki. Allah ya ƙarfafa gaɓoɓinka a kan biyayyarsa, ya sanyaya zuciyarka, ya sa kada ka rabu da sujada har ranar da za a yi maka sallar da babu sujada a cikinta. Allah ya yi maka albarka, kai da duk wanda ya karanta wannan ya amfana. Innarka tana sa maka albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka.